Tambayoyi da amsoshi kan kula da lafiyar kare da kyanwa tun kafin ciwo ya shigo

Waɗannan tambayoyi ne da masu riƙon karnuka da kyanwoyi suke yawan maimaitawa, musamman waɗanda suka karɓi kwikwiyo ko ɗan kyanwa a karon farko. An faro daga masu sauƙi aka gangara zuwa masu zurfi. Amsoshin na kowa da kowa ne. Likitan dabbobin da ya taɓa dabbarka da hannunsa shi ne zai daidaita su da shekarunta da kuma cututtukan da ke yawo a inda kake zaune.

Dabbata lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa. Me zai kai ni wurin likita?

Kare da kyanwa ba sa kai ƙara. Kyanwa ma ta fi iya ɓoye ciwo: sai ta yi makonni tana fama da ciwon haƙori ko na ƙoda, abin da za ka gani kawai shi ne ta ƙara yawan barci. Kafin rama ta fito fili, sau da yawa abin ya riga ya yi nisa.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Manyan cututtukan da ke kashe ƙananan dabbobi, irin su farbo da distemfa da haukan kare, ba su da maganin da ke kashe ƙwayar cutar kai tsaye. In farbo ya kama kwikwiyo, yawanci abin da likita zai iya shi ne ƙarin ruwa, tsayar da amai, da tallafa wa jiki har ya yi yaƙin da kansa. Haukan kare kuwa, da zarar alamu sun bayyana, babu dawowa. Saboda haka ainihin aikin ana yin sa ne a ranakun da dabbar take tsalle-tsalle, ba ta nuna komai ba.

Yaushe zan fara kai sabon kwikwiyo ko ɗan kyanwa, kuma me za a yi masa?

Cikin kwanaki biyu ko uku na farko da ya shigo hannunka. Ka tafi da duk wata takarda da aka ba ka game da allura ko maganin tsutsa, da ɗan sabon kashinsa a leda domin a duba a madubin likita. In akwai wasu dabbobi a gidan, ka ware baƙon a ɗaki dabam har a gama duba shi.

Likita zai auna nauyinsa da zafin jikinsa, wanda a kare da kyanwa yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39.2. Zai ɗaga leɓe ya ga launin dasashi, ya saurari zuciya da huhu, ya lalubi ciki da cibiya, ya leƙa kunnuwa, ya buɗa gashi ya duba fata. Daga nan zai buɗe kati. Wannan kati ka riƙe shi da kyau, domin duk amsoshin da ke ƙasa a kansa suke tafiya. Af, in har yanzu ba ka karɓo dabbar ba, ka bar ta wurin uwarta sai ta cika mako 8.

Waɗanne allurai ne kwikwiyo ba ya yi sai da su?

Akwai uku da kowane kare a duniya yake bukata, kuma yawanci a allura ɗaya ake haɗa su. Na farko farbo, cutar da ta bayyana a karnuka a 1978, mai kawo amai da gudawar jini. Na biyu distemfa, wadda ke farawa da kwantsa da majina da tari, ta ƙare a ƙwaƙwalwa da jijjiga. Na uku ciwon hanta na karnuka. A kan kati za ka ga haruffa irin DHP ko DHPP. Ana fara wannan allura a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 2 zuwa 4, har sai ta ƙarshe ta faɗo a mako 16 ko bayan haka.

Sai allurar haukan kare, wadda aka ware mata tambayarta a ƙasa. Akwai kuma leftosfirosis, cutar da ke yaɗuwa ta fitsarin ɓera da ruwan da ya kwanta, tana lalata ƙoda da hanta, kuma tana kama mutane. A duk inda take, ana yi mata allura biyu a farko, sannan duk shekara. Rigakafin tarin karnuka kuwa ya fi amfani ga waɗanda ke cuɗanya da karnuka masu yawa.

Me ya sa sai an maimaita sau uku ko huɗu? Ɗaya ba ta isa ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan ake yawan yin asara. Kwikwiyo yana samun garkuwarsa ta farko daga dakashin da ya sha a yinin farko na rayuwarsa. Wannan garkuwa aro ce daga uwa, kuma tana raguwa a hankali. Muddin tana da ƙarfi, tana kare shi daga cuta, amma ita ce kuma ke kashe allurar rigakafi kafin jikinsa ya koyi komai daga gare ta. A wani kwikwiyon garkuwar aron takan janye a mako 8, a wani sai mako 12, a wani ma har bayan haka, ko da kuwa ciki ɗaya suka fito. Ba wanda zai iya gane wannan da ido. Shi ya sa ake ta maimaitawa, don a dace da lokacin da jikin ya buɗe ƙofa. Allurar mako 16 ita ce wadda aka fi dogara da ita, ita ce kuma wadda mutane suka fi tsallakewa.

Na taɓa yin wannan kuskure da kaina. Kwikwiyon ya karɓi allura biyu, ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi, sai na ce ta ukun za ta jira har in samu sarari. Wata safiya na same shi tsaye a gaban kwanon ruwa, kansa a sunkuye, yana kallon ruwan bai sha ba. Kafin dare amai ya fara, washegari gudawa mai jini da wani irin wari da har yau ban manta ba. Kwana biyar ya yi ana ƙara masa ruwa. Ya tashi, amma ba kowanne ke tashi ba, kuma wahalar da ya sha ni na jawo masa.

Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, a jagorarta ta 2024 ta ƙara ba da shawarar a sake yin allura ɗaya a wata 6, maimakon a jira cikar shekara, saboda 'yan tsirarun da ko ta mako 16 ba ta kama su ba.

To ɗan kyanwa fa?

Tsarin lokaci iri ɗaya ne da na kwikwiyo, dalilin ma ɗaya ne. Allurarsa ta haɗa cututtuka uku, kuma a kati akan rubuta FVRCP ko RCP. Ɗaya ita ce fanlukofeniya, 'yar'uwar farbo, mai iya kashe ɗan kyanwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sauran biyun su ne ke kawo murar kyanwa: atishawa, kumburin ido, da gyambo a harshe. Allurar ba ta hana murar kwata-kwata, amma tana rage mata kaifi sosai.

Akwai kuma cutar da ake rubutawa FeLV, mai raunana garkuwa da jawo ciwon daji, wadda ke bin yawu a tsakanin kyanwoyin da ke lasar juna ko ci a kwano ɗaya. Ana gwajin jini tukuna, in babu ita sai a yi allura biyu, tsakaninsu mako 3 zuwa 4.

Kyanwata ba ta fita ko ƙofar gida. Ita ma sai an yi mata?

Ƙwarai. Ƙwayar fanlukofeniya tana iya yin shekara a ƙasa ba ta mutu ba, kuma takalminka ya isa ya shigo da ita. Abin da zaman gida ke sauyawa shi ne yawan maimaitawa bayan ta girma, ba allurar farko ba.

Me ya sa ake matsa wa mutane kan allurar haukan kare?

Domin ita ce allurar da ke kare dabbar da mutanen gidan a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan kashi 99 cikin 100 daga karnuka suke ɗauka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro ne ke wasa da kwikwiyo a ƙasa, shi ne kuma ke ɓoye yaƙushi don tsoron faɗa. Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata 2 zuwa 3, don haka ciwon cizon yakan warke a manta da shi kafin alamu su fito.

Rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun a watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro Joseph Meister da shi a Faransa, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. An kuma tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yawo a can. Karenka ɗaya yana cikin wannan lissafi.

Yawanci ana yin ta farko a mako 12, a sake bayan shekara ɗaya, sannan duk shekara ko duk shekara 3, gwargwadon irin allurar da dokar ƙasar da kake. Kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa, kada a bar ta a baya.

In kare ko kyanwa ta ciji mutum, me za a fara yi?

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Daga nan a wuce asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, a bar ma'aikatan lafiya su yanke hukunci kan allura. In dabbar tana hannu, a killace ta a sa mata ido na kwana 10, a nuna katinta. Amma jiran kwanakin nan ba ya hana zuwa asibiti.

Na wuce ranar da aka rubuta min. Sai an faro daga farko?

Yawanci a'a. Ka je da zarar ka tuna, likita zai ɗora daga inda aka tsaya. Leftosfirosis ce mai ɗan tsauri: in tazarar ta yi yawa akan sake allura biyun farko.

Babban kare da ya kammala jerin ƙuruciya da ƙarin da ke biye ba ya bukatar allurar haɗin nan fiye da sau ɗaya a shekara 3. Haka kyanwar da ke zaune a gida ita kaɗai. Wadda ke cuɗanya da wasu kuwa akan sabunta mata rigakafin mura duk shekara. In ka karɓi babbar dabba da ba a san tarihinta ba, a ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba.

Allurar tana da illa? Kuma zan iya saye in yi da kaina?

Kasala, ɗan zazzaɓi, ko rage cin abinci na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. Abin da ba a jira da shi shi ne kumburin fuska, amai a jere, numfashi da kyar, ko faɗuwa cikin sa'o'in farko. Wannan ba ya yawan faruwa, amma in ya faru a koma nan take. A kyanwa, in ƙullutu ya fito a wurin allura, a sake nuna wa likita idan ya wuce wata 3, ko ya fi santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata ɗaya.

Maganar yi da kanka kuwa, ban ba da shawara ba. Ruwan allurar sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta. In zafi ya taɓa shi a hanya, kamanninsa ba za su sauya ba, amma ya mutu, kai kuma ka saki jiki. Ga shi kuma ba a yi wa dabba mai zazzaɓi allura, kuma sai an auna ake sani.

Zan kulle kwikwiyo a gida har sai ya gama allura?

A nan akwai abu biyu da ke ja da juna. Ƙasar da karnukan da ba a sani ba suke yin kashi haɗari ce gare shi har sai an yi allurar mako 16 da kamar mako ɗaya ko biyu a kai. Amma daga mako 3 zuwa wajen 14 ne ƙwaƙwalwarsa ke koyon abin tsoro da abin da ba na tsoro ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyon da bai ga yara, baƙi, mota da ƙarar abubuwa a wannan lokaci ba, shi ne ke zama kare mai firgita, mai firgita kuma shi ne mai cizo.

Mafita ita ce ka ɗauke shi a hannu ka zaga da shi, ka gayyato mutane su taɓa shi, ka haɗa shi da manyan karnuka masu sanyin hali da aka tabbatar an yi musu allura. Kullum ka ɗan taɓa ƙafafunsa, kunnuwansa da bakinsa, zai yi maka amfani idan aka zo maganar haƙori. Ɗan kyanwa nasa lokacin ya fi gajarta, daga mako 2 zuwa wajen 7.

Ban ga tsutsa a kashinsa ba. Me ya sa za a ba shi magani?

Ƙwan tsutsa ba ya ganuwa da ido, kuma kwikwiyoyi da dama da ita ake haifarsu, domin macijin ciki yana ratsa mahaifa daga uwa zuwa ɗa. Ɗan kyanwa ta nono yake samu. Alamunta su ne ƙaton ciki a kan siraran ƙafafu, gashi mara sheƙi, da dasashi fari idan mai shan jini ce. Ana fara ba kwikwiyo magani a mako 2, ɗan kyanwa a mako 3, a maimaita duk mako 2 har bayan yaye, sannan duk wata har ya kai wata 6. Uwar ma a ba ta tare da su. Babbar dabba mai fita waje akan ba ta aƙalla sau 4 a shekara, ko a riƙa gwada kashi.

Da nauyi ake auna magani, kuma kwikwiyo yana iya ninka nauyinsa cikin 'yan makonni, saboda haka a auna kowane karo. Ƙwan macijin ciki yana iya shiga jikin yaro mai wasa da ƙasa, har ya taɓa ido, don haka a kwashe kashi kullum a kuma wanke hannu. In ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa manne a gashin ƙarƙashin wutsiya, tsila ce, kuma ƙuma ne ke kawo ta. Duba amsar ƙuma da kaska.

Mece ce tsutsar zuciya?

Tsutsa ce da sauro ke ɗauka daga kare zuwa kare. Tana girma a jijiyoyin huhu da zuciya har ta kai kusan santimita 30, ta jawo tari, gajiya da kumburin ciki. Maganinta bayan ta girma yana da tsawo da haɗari, rigakafinta kuwa ƙwaya ce ko ɗigo sau ɗaya a wata. Ba ko'ina take ba, ka tambayi likita ko tana yankinku. Karen da ya wuce wata 7 sai an gwada jininsa kafin a fara.

Na sa maganin ƙuma, amma har yanzu ina ganin su. Kaska kuma yaya zan cire ta?

Waɗanda kake gani a jikin dabbar 'yan kaɗan ne. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma yana zubowa a shimfiɗa, a ƙarƙashin kujera, a tsagar daɓe, inda yake ci gaba da ƙyanƙyashewa har makonni. Shi ya sa sai an yi wa duk dabbobin gidan magani tare, aƙalla wata 3 a jere, a wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi, a share lungu-lungu. In kana shakka, ka taje gashin bayan dabbar a kan farar takarda mai laima. Baƙaƙen ɗigon da suka zubo, in suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin dabbarka.

Kaska ta fi haɗari, domin tana ɗauke da cututtukan jini masu kawo zazzaɓi, haɓo, farin dasashi da fitsari mai duhu. Ka duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu. Ka kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja a hankali ba tare da fizga ba. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai, kada kuma ka matse cikinta da yatsa.

Zan iya sa wa kyanwa maganin kare, ko in ba su maganin mutane?

A'a, kuma a nan ba ni da sassauci. Magungunan ƙuma na karnuka da yawa suna ɗauke da sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwali. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai ta kama rawar jiki da jijjiga, ko da jikin karen da aka shafa wa kawai ta goga. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ibufurofen yana huda cikin kare ya lalata masa ƙoda. Maganin tsutsa na manyan dabbobi ma an yi shi ne don nauyin da ya ninka na kare sau da yawa, ɗan kuskure a awo ya isa.

Fiɗiya da cire mahaifa: ya zama dole, kuma yaushe?

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, don haka kafin ka ankara gida ya cika. Shi ya sa likitoci da yawa ke yin aikin kafin ta kai wata 5. Muzurun da aka fiɗiye yana rage yawo, faɗa da fesa fitsari, kuma faɗa ita ce babbar hanyar kamuwa da FIV, cutar da ke karya garkuwar kyanwa.

A kare lissafin ya ɗan bambanta. Cire mahaifa yana kawar da haɗarin taruwar mugunya a cikinta, ciwon da ke kama tsofaffin karyoyi 'yan makonni bayan lokacin barbara, kuma in an yi da wuri yana rage ciwon daji na nono. Amma a manyan jinsuna, yin aikin kafin ƙashi ya gama girma yana iya ƙara matsalar gaɓoɓi, saboda haka akan jira shekara ɗaya ko fiye. Wannan shawara ce da za ku yanke kai da likita. Maganar cewa sai mace ta haihu sau ɗaya kafin a yi mata ba ta da tushe. Bayan aikin jiki yana rage bukatar abinci. Duba amsar ƙiba.

Da gaske ana goge wa kare haƙori?

Ana yi, kuma warin baki ba halitta ba ne, alamar ciwon dasashi ce. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, babban kare 42. Ɗan kyanwa 26, babba 30. Zuwa wata 6 ko 7 an gama famfara, in ka ga haƙori biyu a gurbi ɗaya ka nuna wa likita. Ka fara da yatsa, ka koma burushi mai laushi, kullum in da hali, da man goge baki na dabbobi. Na mutane bai dace ba, domin haɗiyewa suke yi, wani kuma yana da sinadarin zailitol mai guba ga kare. In datti ya riga ya daskare ya zama kamar dutse, burushi ba ya cire shi, sai an sa dabbar barci an kankare.

Ta yaya zan san ko dabbata ta yi ƙiba fiye da kima?

Ka shafa gefen ƙirjinta da tafin hannu. Ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, in kuma ka kalle ta daga sama ka ga ƙugu ya ɗan shiga. Likitoci suna da ma'auni daga 1 zuwa 9, daidai shi ne 4 zuwa 5. A wani bincike da aka wallafa a 2002, an bi karnuka 48 jinsin Labrador tsawon rayuwarsu; waɗanda aka rage wa abinci da kashi 25 cikin 100 sun ɗara 'yan'uwansu da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi ma ya yi jinkirin kama su.

Kyanwa maciyiyar nama ce ta asali, tana bukatar sinadarin torin, rashinsa kuma yana taɓa ido da zuciya, don haka abincin kare ba ya riƙe ta. Madarar shanu tana sa yawancinsu gudawa. Albasa, tafarnuwa, cakulan da inabi duk a nisanta su daga dabbobin biyu.

Babbar dabba sau nawa za a duba ta?

Sau ɗaya a shekara, ko da ba shekarar allura ba ce. In ta manyanta, wato kare daga wajen shekara 7, manyan jinsuna ma kafin haka, kyanwa kuma daga wajen 10, sai a koma duk wata 6, a haɗa da gwajin jini da fitsari. Ciwon ƙoda ya zama ruwan dare a tsofaffin kyanwoyi, kuma gwaji yana gano shi kafin ido ya gani. Kai ma ka lura da yawan shan ruwa, rama, ƙullutu a fata, da kyanwar da ta daina hawa inda ta saba hawa. Kada ka ce tsufa ne kawai, sau da yawa ciwon gaɓa ne da ake iya sauƙaƙawa.

Mece ce 'yar na'urar da ake sawa a ƙarƙashin fata?

Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 da ake karantawa da wata na'ura. Ba ta nuna inda dabba take, shaida ce kawai in an tsince ta, kuma ƙasashe da yawa suna neman ta kafin a tsallaka iyaka da dabba. In ka sauya lambar waya, ka sabunta rajistar.

Akwai mai juna biyu a gidan. Sai an rabu da kyanwa?

Ba sai an rabu ba. Abin tsoron shi ne tokzoflasma, wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kyanwa, amma sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum. A kwashe kashin kullum, kuma wani ne zai yi, ba ita ba. In dole ita ce, ta sa safar hannu ta wanke hannu bayan nan. Naman da bai dahu ba da ƙasar lambu su ma hanyoyi ne, a kula da su.

Waɗanne alamu ne ba a jiran safiya da su?

Numfashi da kyar, musamman kyanwa da ke numfashi da baki buɗe. Jijjiga. Dasashi fari ko shuɗi. Amai da gudawa tare a jikin kwikwiyo ko ɗan kyanwa, domin ruwan jikinsu yana ƙarewa cikin sa'o'i. Babban kare da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita. Haɗiyar guba ko maganin mutane, ko da dabbar ba ta nuna komai ba tukuna. Ka tafi da kwalin, kada ka sa ta amai sai likita ya ce.

Akwai ɗaya da ake yawan kuskure wa fassara. Muzuru ya riƙa zirga-zirga zuwa wurin ba-haya, ya tsuguna yana nishi, yana lasar gabansa, fitsari kuma ɗigo-ɗigo ko babu. Mutane sukan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su ce a ga gobe. Sau da yawa mafitsara ce ta toshe, kuma hakan yana kashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. In ka ga haka, ka kira likita tun kana hanya don ya shirya kafin ka iso.